Shafin yayana da shanun Bazaga

Shekarun baya, kodayake ba su da wani yawa tunda har yanzu gemu ya ƙi kula ni, yayana ya dawo Ƙonni daga karatu a Yamai da ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, da buri cike da ciki. Ya ce zai buɗe shafin sayar da dabbobi kafin Layya: mai rago ya sa hoto, mai saye ya zaɓa daga kan tabarmarsa. Ni ya naɗa mai ɗaukar hoto. A makon farko na ɗauki raguna da yawa har na fara gaishe su in mun haɗu a hanya.

Abokina na lakwal, wato makarantar boko, Bafulatani ne, benci ɗaya muke zama. Ni ina ce masa ɗan nono, shi yana ce mini kaɗo mai surutu. Mahaifinsa yana da garke a wajen Bazaga, yayana kuwa ya ƙwallafa rai sai bijimansa sun hau shafin. Muka hau babur muka je.

Dattijon ya yarda da hoto, ya yarda da farashi. Da aka zo gurbin da ake sa yawan dabbobi da inda suke kwana, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Yaro, mu ba mu faɗin yawan shanu. Ko ƙanena bai taɓa tambayata ba."

"Baffa, wannan ba mai gani," in ji yayana. "Don mai motar ɗauka ne kawai, in ciniki ya faɗa. A kulle yake."

"A kulle da mi?"

"Da lambar sirri."

Dattijon ya daɗe yana kallon ɗansa, wanda ke ta gyaɗa kai saboda ni na cika masa kunne da kirarin yayana. Daga baya ya matso, ya faɗi adadin ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin ciwon da yake jin kunya. Muka tsaya kusa da rijiyar da garken ke kwana, wayar ta ɗauki wurin a taswira.

Ana cikin zafin nan na kafin damina, wata rana da la'asar, sai ga kabu-kabu ya sauke dattijon a ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ta kawo ruwa, bai sha ba. Ya ce wani ya kira shi, baƙuwar murya, wai yana son bijimi. Suna cikin magana mutumin ya faɗi yawan garken daidai, sannan ya tambaya ko har yanzu nan gefen rijiya suke kwana, ko akwai karnuka.

"Mai sayen bijimi ɗaya, mi ya haɗa shi da karnuka?" Ya dubi yayana. "Kai kaɗai na faɗa ma."

Yayana ya rantse, ya buɗe shafin ya nuna masa: hoto ne da farashi, ba komai. Sai kuma ya shiga wani wuri mai baƙin allo da ƙananan rubutu, inda ake ganin duk wanda ya taɓa shafin. Ina tsaye a bayansa na ga wuyansa ya jiƙe.

Daga baya ya yi mini bayani. Shafin kamar kanti ne. Gaba akwai kanta, inda ake nuna wa mai saye abin da aka ga dama. Baya kuma akwai ƙaramar taga wadda waya ke zuwa ta karɓo bayani daga ma'ajiya. Shi ya kulle gaban da kyau. Tagar bayan kuwa ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Ka ce mata ba ni mai dabba na ɗaya, ta miƙo duka: lambar waya, yawan garke, makwanci. Ka ce na biyu, ta miƙo. Wani ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

Yayana ya durƙusa a gaban dattijon. "Baffa, laifina ne. Na rufe shi yanzu."

"Ka rufe," ya ce a hankali. "Wanda ya gani fa, ka rufe idonsa?"

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tashi ya yi mana sallama.

Kafin magariba suka kaɗa garken suka nufi wajen surukan dattijon a ƙasar Illela. Lokacin ba na tafiya ba ne, ciyawa ta ƙare, tafkuna sun bushe. Hannu bai isa ba, dole abokina ya ajiye jakar lakwal ya ɗauki sanda, ana saura kaɗan jarrabawa. Yayana ya kai magana wurin jandarma, sannan muka bi sauran masu dabbobin ruga-ruga yana faɗa musu da bakinsa. Wasu suka zage shi, wata tsohuwa ta bi mu da muciya. Ni da nake cika baki ban san tsoro ba, na riga babur ɗin gudu.

Washegarin tashin garken maƙwabtansu suka ga sawun babura birjik a gefen rijiyar, inda ba hanya ba ce. Masu baburan ba su tarar da komai ba sai kashin shanu.

Garken ya tsira, amma ba duka ba. Saniyar abokina, wadda aka ba shi tun ranar sunansa, tana da ciki, ta faɗi a hanya ba ta tashi ba. Shi kuma bai dawo lakwal ba. Har ƙarshen shekara ban bar kowa ya zauna gefena a bencin ba, na ce wurin aljani ne, mushe, malaminmu, ya gaji ya ƙyale ni.

Yayana bai daina sana'ar ba, amma ya canza. Yanzu kafin ya buɗe kowane shafi sai ya zauna ya yi ta ƙoƙarin fasa shi da kansa kamar ɓarawo, ya kuma ba wasu su gwada. In mai aiki ya ce a sa gurbin adireshi ko yawan dukiya, sai ya tambaya, "Dole ne?" In ba dole ba ne, ba ya karɓa. Ni ma duk sanda wani shafi ya ce in faɗi inda nake, sai in tuna dattijon nan yana matsowa yana rage murya. Shi bai san ordinatar ba, ya dai ba mu abin da bai taɓa ba ƙanensa ba, don mun ce a kulle yake.

Abokina yakan kira ni in ya samu rezo, wato sabis ɗin waya. Muna dariya, yana ce mini kaɗo, yana tambayar ko mushe na nan da bulalarsa. Kwanan baya tsokana ta motsa mini, na ce, "Kai ɗan nono, yanzu shanun nawa ne?"

Nan take ya daina dariya.

"Suna gaishe ka," ya ce.

Ban sake tambaya ba. Har yau ban san inda suke kwana ba.