Tulunan Matan Muchia

Jiya ina yi wa Inna tsifa, aka ce a rediyo kansiloli na zama kan ruwan sha. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Dakata, Binta, ki ji."

Tana amarya a Muchia, kafin 'yancin kai, majalisar gari ta kawo shawarar cike rijiyoyin cikin gida saboda ciwon ciki, a kafa famfo ɗaya a bakin titi. Su kuwa matan kulle ne, ko zaure ba sa takawa. In aka cike, ruwan alwala ma sai maigida ya dawo.

Mace ba ta shiga majalisa. Sai kowacce ta miƙa wa maƙwabciyarsu Saratu, Kirista mai fita, tulunta babu ruwa. Ranar zama, Saratu ta jere su a ƙofar wakilin unguwa.

Ya fito ya ce, "Saratu, kasuwar tukwane kika buɗe mini?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, matan unguwa ne suka ce tunda ku kuka san hanyar famfo, a taimaka a ciko musu. Wancan mai baƙin wuya na uwargidanka ne."

Ya daɗe yana kallon tulun. A zaman nan aka bar rijiyoyin, aka ce a yi musu murfi.

Saratu ta rasu tuni, amma Inna sai da ta share ido.

Shawara nawa ake yankewa ba a ji daga mai ɗaukar nauyinta ba? Ku gaya mini yadda abin yake a unguwarku.