Ranar da Baffa Ya Ƙi Cingam a Omdurman

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Hillat Kuku, ni da ɗan baffana, za mu Omdurman duba mahaifinsa da aka yanke wa wani ɓangare na hanji. Raksha, wato a-daidaita-sahunsu, ta kai mu Bahri, bas ta haye da mu gadar Nilu. A bakin asibiti muka karya da wake da burodi, da shayin da sukarinsa ya kusa fin ruwan yawa.

Na zaci zan tarar da tsoho a kwance, sai ga shi a baranda, nas riƙe da hannunsa, yana takawa yana harararta. Jiya-jiya aka yi aikin fa. A gida mai ɗinki a ciki ko juyi ba ma barinsa ya yi, don haka na dami nas da tambaya. Ta ce tsarinsu ne: a taka da wuri, a kurɓi ruwa da wuri, a tauna cingam, don hanji ya farka. Alamar farkawarsa fitar iska. In ya ƙi, ciki ya kumbura, a zura roba ta hanci, sallama ta yi nisa.

Baffa ya yarda da tattaki, cingam ne ya ce atafau.

"Ya zol," wato bawan Allah, "da furfurata? Surukaina su shigo su same ni ina ƙas-ƙas kamar 'yar talla?"

Lallashi ya ƙi ci, cikin kuwa shiru, har ya fara tauri. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Wata tsohuwa 'yar unguwar Dar Salam da ke jinyar mijinta ta kwance bakin mayafinta ta miƙo luban, ƙaron nan na turare da mutanen garin kan tauna. Likita ya ce ba laifi, taunar ake so. Baffa ya karɓa, wai wannan ai magani ne.

Washegari da hantsi, surukan na zazzaune, Baffa ya saki iska mai ƙara. Nas ta yi masa barka, ta ce, "Mabruk, ya Hajj." Baffa ya ja hula ya rufe fuska, ɗansa na hamdala har da ƙwalla.

A bas ɗin komawa Kuku na yarda ashe kwanciya ba ita ce jinya ba. Ɗan baffa kuwa dangi yake ta kira a waya, ya rasa bakin da zai faɗa musu albishirin.