Shanyar Inna a Kan Sola

Saniyata ɗaya tilo na sa aka sayar a kasuwar Babura, na sa sola a gidanmu na Roni. Wutar gwamnati sai ta yi mako ba ta leƙo mu ba, ni kuwa na ƙudurta sayar da ƙanƙara. Yayana, mai taƙama da janareto, ya ce, "Saniya dai tana haihuwa. Wannan gilashin me zai haifa miki?"

Na ce, "Yaya, ita rana ba a yi mata layi a gidan mai."

Mai haɗawa ya zo daga Kazaure, ya kafa faifan sola huɗu a kan ƙarfe a tsakar gida, inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa. Kwana uku firiza na ba da ƙanƙara kamar dutse. Daga nan sai ruwan sanyi. Kullum na dawo daga makarantar da nake koyarwa, faifai tas, batir ba caji. Sau biyu mai haɗawa ya zo da yamma, ya auna, ya ce lafiya lau.

Yaya ya samu bakin magana. Har mai saye ya kawo mini, a rabin kuɗi. Na ce ko ƙarfen zan ci, ba zan sayar ba. Amma a raina tsoro nake ji, don ba ni da wata saniyar.

Wata Laraba ciwon kai ya maido ni gida da hantsi. Na tarar an lulluɓe faifan nan da zannuwa, an baza yankakkiyar kuɓewa a kai. Inna, mahaifiyarmu, tana juyawa.

"Inna, mene ne wannan?"

"Shanya mana. Shekara arba'in a nan nake shanyata, kuka zo kuka kafa tebur. Ga shi kaji ma ba sa kaiwa. Kafin la'asar nake kwashewa, in goge miki tas."

Faɗan da na ɗauko ya maƙale, kunya ta kama ni. Ba wanda ya tambaye ta kafin a ƙwace mata ranarta. Washegari na sa aka yi mata gadon kara na shanya a bayan gida.

Ranar Juma'a na kai wa Yaya ƙanƙara da hannuna. Ya juya ta, ya ce me aka gyara. Ba zan tona Inna ya yi mata dariya ba.

Na ce, "Ba komai, Yaya. Gilashin ne ya haihu."