Shukun da ya rufe makaranta

Ina da shekara tara aka rufe makarantarmu ta unguwar Goutte d'Or a Paris har kwana goma, saboda wani yaro ɗan aji biyu ya kamu da sanƙarau. Tsakiyar shekarun casa'in ne, kuma a lokacin ciwon yana ta ɗibar mutane a gida Nijar. Don haka ko da yake yaron bai taɓa taka Afirka ba, mu 'yan Nijar aka riƙa yi wa kallon gefen ido a layin burodi. Aka raba mana wani magani mai mayar da fitsari ja kamar an zuba masa manja, aka ce kowa ya zauna gida.

Gidanmu kuwa babu mai zama. Baba yana shagon atamfa tun safe, Inna tana gyaran ɗakuna a wani otal. Sai Baba ya yanke shawara a kai ni Lyon wurin yayarsa. Inna ta ce ai an ce kada a yi yawo da yaran. Baba ya ce Lyon ba yawo ba ne, gidan Yaya ne. Da wannan hujjar aka sa ni a jirgin ƙasa.

Gwaggo ta karɓe ni hannu bibbiyu, amma daga nesa. Ta ware mini kofi da cokali da bargo, ta hana 'ya'yanta matsowa kusa da ni. Haka muka yi kwana tara. Ranar Lahadi da Baba zai zo ɗaukata, ta cire mini hular sanyi, ta kalli kaina, ta saki salati.

"Haka uwarki ke sakinki cikin Nasara? Gobe a buɗe lakwal, ki shiga aji, a ce wagga 'yar gidan wa ce?"

Matar da ta ƙi taɓa kofina, ita ce ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta awa huɗu cur. Gwaggo 'yar Damagaram ce, kuma hannunta ya yi suna wajen kitso: in ta kama gashi, sai ya yi wata bai motsa ba. Shuku ta yi mini. Ta tattaro kowane silin gashi tun daga ƙeya ta ja shi sama, har na ji girata ta bar wurinta ta koma tsakiyar goshi. Da na fara shessheƙa sai ta ƙwanƙwashe ni da kibiyar kitso.

"'Yar gidanmu ba ta cewa kitso da zahi, ko da ranta zai hita. Masu kuka wajen kitso dangin uwarki ne."

Wannan maganar ta ɗaure ni fiye da kitson. Nan take na rantse a raina cewa ba da bakina za a yi wa dangin Inna gori ba. Da muka iso Paris, Inna ta daɗe tana kallon kaina, ta ce ya yi kyau, sannan ta tambaye ni a hankali ko da zafi. Na ce ko kaɗan.

Ranar Litinin Baba ya ajiye ni a ƙofar makaranta ya wuce shago. An kafa tebur a bakin ƙofa. Shugabar makaranta ta yi jawabi cewa komai ya wuce, iyaye su kwantar da hankalinsu, har wasu suka tafa. Wata malamar asibiti mai takunkumi a baki ta zauna tana duba yara ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba wuya: ta tambaye ka ko kanka na ciwo, ta ce ka taɓa ƙirjinka da haɓa, ka wuce. Yara suka riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangaru suna shigewa.

Da aka zo kaina ta ce, "Kanki na ciwo?"

Na yi tunani. Gwaggo kitso ta hana a ce da zafi, ba ta ambaci kai ba. Na ce eh.

"Wuyanki fa?"

"Shi ma."

"Sunkuya ki taɓa ƙirjinki da haɓa."

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Fatar ƙeyata ta ce ba ta san zancen ba, na ƙwalla ƙara. Matar ta sa mini ma'aunin zafi. Riga uku na sanyi ke jikina, duk Gwaggo ta ba ni, ga rashin barci, sai abin ya ɗan haura. Ta ja kujerarta baya.

"Ina kika yi hutun nan?"

"Gidan gwaggona."

"'Yar ina ce gwaggon?"

"'Yar Nijar."

Babu wanda ya tambaye ni a wane gari gidan yake. Makarantar da aka buɗe takwas da rabi, kafin tara da kwata an sake rufe ta. Iyayen da ba su kai tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba aka bi su da gudu aka dawo da su, yaran da suka riga suka rataye rigunansu aka fito da su ta ƙofar baya suna murna. Ni kuwa 'yan kwana-kwana ne suka zo ɗaukata, domin a ƙasar nan masu kashe gobara su ne ke kwasar marasa lafiya. Suka shimfiɗe ni a gadon ɗauka, tulluwar shukun ta hana kaina kwanciya daidai, wani ya ciro takarda ya rubuta wannan ma.

A asibiti aka sa ni ɗaki ni kaɗai. Har yau in na tuna ina jin haushi. Mutum nawa suka shiga ɗakin nan, kowa da shekarun karatunsa, suka haska mini ido, suka ƙwanƙwasa gwiwa, suka duba tafin ƙafa, amma ba wanda ya yi zargin abin da ke tsaye a kaina ƙiri-ƙiri. Wata ma sai da ta shafa shi da safar hannu ta ce kai, ya yi kyau.

Likita ya zauna ya yi mini bayani da murya mai taushi. Za su sa allura a ƙashin bayana su ɗebo ruwa, shi ne zai nuna ko sanƙarau ne. Na ga allurar a kan faranti. Tsoro ya kama ni. Na san kalma ɗaya za ta fitar da ni, kuma na san wadda za a yi wa dariya a Lyon in na faɗe ta.

Ana haka Inna ta shigo da rigar aikinta, an ɗaura mata takunkumi a karkace. Ba ta ko kalli likitan ba. Girata ta kalla.

"Kitson ne ko?"

"A'a."

"Ke, dube ni. Kitson ne?"

Na kalli bango. Sai ta juya ga likita da ɗan Faransancinta na otal ta ce wannan ba ciwo ba ne, gashi ne. Likitan ya ɗauka wani camfi ne na mutanenmu. Ya sassauta murya, ya ce yana girmama al'adar kowa, amma ciwon nan ba ya jira. Inna ta ce ya ba ta minti ashirin. Ya ce goma, kafin a gama shirya kayan. Ta duba hagu da dama ba ta ga tsinke ba, sai ta miƙa hannu ta zare murfin biron da ke aljihunsa.

Daidai nan Baba ya iso, aka tsayar da shi bayan gilashi. Da ya ga abin da Inna ke shirin yi, ya fara bubbuga gilashin.

"Kitson Yaya za ki tsefe? Na kwana ɗaya? Me zan ce mata?"

Inna ta juya masa baya ta fara daga ƙeya. Da ta warware na farko ta ga ƙurajen da suka jeru a gindin gashin, na ji hannunta ya tsaya.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Gwaggo ta ce danginki ne masu kuka wajen kitso. Ban so a ce gaskiya ne."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai na ji ta ɗora goshinta a kafaɗata, tana wata irin dariya mai haɗe da hawaye.

"Ai gaskiya ne, 'yar nan. Mu masu kuka ne. Da gwaggonki ta yi mini na aure sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yi kukanki."

Na buɗe baki na saki kukan da nake riƙe da shi tun Lyon, har wata mai goge-goge ta leƙo daga baranda. Inna tana tsifa ina kuka, Baba yana can yana magana da gilashi. A kitso na huɗu ƙeyata ta saki, kaina ya faɗo gaba da kansa, haɓata ta sauka a ƙirjina. Likitan ya sa na ɗaga na sake saukewa har sau uku, sannan ya ture farantin allurar gefe, ya miƙo hannu yana neman murfin bironsa.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Faɗa masa ya jira. Saura goma sha ɗaya."