Ranar da kunun aya ya kunyata giya

Jama'a, ku ji abin da Bature ya yi min yau a Salford!

Walima aka yi a ofis. Manajanmu Graham, gwanin giya, ya jera katuna masu nuna giyar da ta dace da kowane abinci: wannan cuku da jar giya, wancan da fara. Da ya ga kilishin da na kawo sai ya rubuta masa kati, ya ce, "Wannan sai giyar tuffa."

Na ce, "Oga, yajin Kano ne fa!"

Wai ya san aikinsa. Ya gutsura, ya kora da giyar. Wallahi fuskarsa ta yi jawur, hawaye shar! Kafin in ankara ya fizge gorar kunun aya daga hannuna, ya shanye tas.

Sai ya soke giyar a katin, ya rubuta har da sunana: "Kunun Bilkisu."

Ni kuwa da ruwan famfo na ƙarasa walimar!