Minti Biyar Da Na Bar Makunnin Inji

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina jinkirin rubuto wannan wasiƙa, don duk wanda ya san ni zai gane ni a cikinta ko da ban faɗi suna ba. A lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, da mata da 'ya ɗaya, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, inda ake yin bokitai da butoci. Ba na shaye-shaye, ba na yawon banza. Abin da ya mallake ni shi ne wani dogon shirin talabijin na ƙasar waje da ake fassarawa da Hausa, labarin mutanen da ke yawo tsakanin taurari a cikin wani ƙaton jirgi. Muna da guruf a waya, mu kusan ɗari biyu, kuma ni ake tambaya idan gardama ta kaure. Har Malam suke ce mini, ni kuma kaina ya kumbura.

Matsalar da ta hana mu sakat ita ce shekarun kwamandar jirgin. A zango na farko ta faɗa da bakinta cewa an haife ta bayan ƙonewar birninsu. Da aka fito da sabon zango, sai ga ta yarinya 'yar shekara shida tana gudu a cikin wutar. Wasu suka ce marubutan ne suka manta, ni kuwa na rantse akwai bayani. Na sayi littafin rubutu na jera kowane yaƙi da kowace haihuwa, ina gogewa ina sakewa. Matata ta yi magana har ta gaji. Wata safiya a cikin adaidaita sahu, na ji mai rediyo ya faɗi kwanan watan Musulunci da na Bature, sai abin ya faɗo mini: mutanen jirgin da mutanen birnin ba kalanda ɗaya suke amfani da ita ba, kuma birnin sau biyu ya ƙone. Na shiga aiki duk na ƙagu in rubuta wa 'yan guruf.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi injin niƙa tsohuwar roba ya cushe. Makanikenmu dattijo ne mutumin Kudancin Kaduna, kowa Baba yake ce masa, shi ya koya mini aiki tun zuwana. Kwaɗon da ake rufe makunnin da shi ya ɓata, don haka ya kashe injin, ya ce in tsaya a gaban makunnin kada in bar kowa ya taɓa har sai ya fito da hannunsa. Na ce to. Ina tsaye wayata ta motsa a aljihu, wani a guruf ya rubuta cewa Malam ya kasa, ya gudu. Na ce a raina minti ɗaya ya isa. Sabis ba ya kamawa a ciki, sai na taka zuwa bakin ƙofa, na duƙufa ina rubutu. Wani sabon ma'aikaci ya dawo daga shan ruwa, ya ga inji a kashe ba kowa a wurin, ya danna. Ihun Baba har yau yana cikin kunnena. Yatsu biyu ya rasa a hannun dama.

Da manaja ya tara mu, na ce ina tsaye a wurin, mutumin ne ya zo ta bayana ya miƙa hannu kafin in ankara. Shi kuma ya yi ta rantsuwa cewa bai ga kowa ba, amma wata biyu kacal ya yi a kamfanin, ni shekara biyar. Aka dakatar da shi. Na ga lokacin da ya ɗauki ledar kayansa ya fita, bai kalle ni ba.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. A rahoton kamfani an rubuta sha ɗaya da minti arba'in da biyu, saƙona kuma yana ɗauke da wannan lokacin daidai. Na goge shi, ashe tuni an ɗauki hotonsa ana ta turawa wasu gurufan ana yaba mini, da lokacin a jikinsa ɓaro-ɓaro. A guruf ɗin akwai mutum uku da ke aiki a Bompai, ɗaya ma ƙanin direban kamfaninmu ne. Duk kiran da manaja ya yi mini sai in ɗauka asirina ya tonu. Abinci ya daina shiga, na fara tsawata wa 'yata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ina sallah ina lissafin wa ya gani, wa bai gani ba. Sai kuma na ji labarin matar wanda aka dakatar ta haihu, an yi suna ba ko rago.

Bayan mako uku na je gaishe da Baba a gidansa. Na same shi a tsakar gida, hannun a naɗe, matarsa na ba shi kunu da cokali. Na durƙusa, na ce Baba ku yafe mini, ban tsaya inda kuka ce in tsaya ba. Sai ya ce ya sani, domin yana kwance a ƙasa ya ga ta inda na rugo, kuma kullum yana addu'a in zo da ƙafata, kada sai shi ya tona ni. Ya ce yatsunsa ba za su dawo ba, wannan ya bar wa Allah, amma akwai mai jego da mijinta ke zaune a gida saboda ƙaryata, kuma ba shi da ikon yafe wannan. Ya ba ni kwana biyu.

Washegari na shiga ofishin manaja na faɗi komai. Aka sallame ni a ranar, aka dawo da mutumin. Na je har Ɗorayi neman gafararsa, ya saurare ni a ƙofar gida, ya ce ya ji, ya koma ciki. Har yau idan muka haɗu ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu ina aiki a wata majema a Challawa. Baba kuwa ba ya iya riƙe sifana, ya koma zaman shago.

Ba na cewa kallo haramun ne, ni ne na ɗauki labarin da wasu suka ƙirƙira na fifita shi a kan hannun mutumin da ya amince da ni. Barin wurin kuskure ne, amma ƙaryar da na yi bayansa da hankalina na yi ta. 'Yan'uwana masu aiki a gaban inji, idan aka ce ku tsaya, ku tsaya, ku bar wayar a aljihu. Idan kuma kun riga kun yi kuskuren, ku faɗa tun a ranar, kafin a kori wani a madadinku.