Man Ayaba a Siton Malam Sale

Har yau ban manta da Litinin ɗin da Malam Sale ya shigo wurin aiki da fuska a kumbure ba, ido ɗaya a rufe ruf, leɓe kamar an hura. A lokacin ina shekara ta shida a matsayin jami'ar kula da inganci a wani ƙaramin kamfanin lemo da alawa a nan Bauchi. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni ce mai gwada duk abin da zai shiga tukunya da duk abin da zai fita kasuwa. In ban sa hannu ba, mota ba ta lodi. Sama da ni akwai manaja, Mista Ben, mutumin kudu ne amma haifaffen garin nan, muna ce masa Oga. Sama da shi sai mai kamfanin, Alhaji, da ke zaune a GRA. Malam Sale kuwa shi ne mai sito, dattijo ne daga Miri da ke bayan gari, ya riga mu duka shiga kamfanin.

Abin da ya haɗa mu rigima shi ne filebon ayaba, wato sinadarin da ke ba lemo da alawa ƙamshin ayaba. A takarda sunansa isoamil asitet, mu dai man ayaba muke ce masa. Ruwa ne garai-garai, ba launi, ƙamshinsa sak nunanniyar ayaba. Ɗan kaɗan ake sawa a babbar tukunya ya gauraye ta, kuma a haka ba ya cutar da mai sha. Tsantsarsa ce abin kiyayewa. Tana sa yaji a ido da maƙogwaro, in an daɗe ana shaƙa ta kawo ciwon kai da jiri, tana narkar da fenti, ga saurin kama wuta. Masu fenti ma suna amfani da irinta wajen tsinka fenti.

A ganga ta ƙarfe ake kawo mana shi, mai famfo a gindi. Ƙa'idarmu ita ce ba a ɗiba sai da takarda mai hannu uku: nawa, na Oga, da na mai sito. Duk Litinin kuma nakan zura sanda mai alama in ga inda ruwan ya tsaya. A watan Maris na shekarar, tsakiyar zafi, na auna na ga ya sauka fiye da abin da muka ɗiba. Na ce ko kuskuren idona ne. Mako na biyu haka, na uku ma haka. Makullin sito kuwa biyu ne, ɗaya a hannun Malam Sale, ɗaya a hannun Oga.

Daga nan kowa ya fara kallon kowa ta wutsiyar ido. Oga ya ce ya ji labarin akwai masu fenti wajen Ƙofar Dumi da ke sayen irin wannan a bayan fage. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban bar Oga ba a zuciyata, don shi ke tsayawa bayan an tashi. Ana cikin haka ne Malam Sale ya shigo da wannan fuska.

"Baba Sale, lafiya?" na tambaye shi.

"Zuma ce, Malama. Amyata na je dubawa jiya da yamma, ban ma kai gindin bishiyar ba suka yo kaina. Shekara da shekaru ina kiwonsu, ba su taɓa yi mini haka ba."

Da ya fita Oga ya rufe ƙofar ofis. "Wace zuma? Duka ne wannan. Rabon kayan sata ne bai yi daidai ba."

Ni kuwa sai na tuna abin da aka koya mana a makaranta. Idan ƙudan zuma ya yi harbi, yakan saki wani ƙamshi da ke kiran 'yan'uwansa su kawo ɗauki, kuma wannan sinadari na man ayaba yana cikin ƙamshin. Wanda ya doshi amya yana ƙamshin ayaba mai ƙarfi, faɗa ya kira. Na ce a raina, ashe Baba Sale da man yake tafiya gida. Maimakon in tambaye shi, sai na gaya wa Oga, Oga ya buga wa Alhaji. Kafin azahar an karɓi makulli a hannun dattijon, an ce ya zauna a gida sai an gama bincike. Alhaji ya kuma ba da umarni a kawo mai walda ranar Alhamis ya ƙara wa ƙofar sito da tagarta ƙarafa.

Ranar Laraba da la'asar na hau babur zuwa Miri da sunan dubiya. Matarsa, Inna Talatu, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Muna gaisawa ina baza hanci, ina leƙen bayan rumbu da gefen randa ko zan ga jarka. Ashe tana lura da ni.

"Malama, in dubiya kika zo, ga mai jikin can a zaure. In kuma bincike ne, ɗakunan a buɗe suke."

Kunya ta rufe ni. Malam Sale ya fito ya ce, "Ƙyale ta, aikinta take yi. Tashi mu zaga." Ya kai ni ɗaki-ɗaki, har akurkin kaji. Babu komai. Sai da muka zo wajen igiyar shanya ƙamshin ya buge ni, daga wata shuɗiyar riga.

"Baba, wannan fa?"

"Ita ce a jikina ranar. An wanke ta, ƙamshin ya ƙi fita. In na sa kayan aiki da safe, nakan naɗe ta in ajiye a kan kwalayen da ke ƙasa, bayan gangar. Ai na gaya wa Oga ƙamshin sito ya yi yawa, kaina kullum ciwo. Ya ce wanda ke aiki a gidan ayaba ba ya ƙorafin ayaba. Ni na ɗauka so yake ya kore ni ya kawo nasa mutumin."

A hanyar komawa maganar nan ta "ƙasa, bayan gangar" ta yi ta yi mini yawo. Tururin man ayaba ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ni kuwa kullum a tsaye nake awo, daga saman ganga, kuma hancin da ya wuni cikin ƙamshi ɗaya daina jin sa yake yi.

Ranar Alhamis da safe na tarar mai walda ya riga ni, ya ja wayarsa har bakin sito, yana gwada ƙarfe a jikin ƙofa. Oga na tsaye a kansa.

"Malam, dakata, kar ka kunna," na ce.

"Madam, umarnin Alhaji ne," in ji Oga. "Ko kema kina da abin da ba kya son a kulle?"

Maganar ta yi mini zafi, amma na haɗiye. "Oga, ba ni minti biyar. In ya kunna kafin in fito, zan rubuta cewa na hana."

Ya buɗe mini. Na shiga na durƙusa, na kai fuskata kusa da daɓe. Nan take idona ya cika da hawaye, maƙogwarona ya ɗau yaji, tari ya turnuƙe ni. Na fito da sauri na ce a kashe wutar ɓangaren daga waje, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya ja baya, kada wanda ya taɓa makunni. Da ma tun da aka fara zargin, Oga ya sa an rufe tagar da ƙusa, ga kwanon rufi ya ɗau rana. Sai da muka ba iska lokaci sannan na sa takunkumi da safar hannu na koma, na janye kwalayen da sandar katako. Na ƙasa sun jiƙe sharkaf. Fentin daɓen ya tashi ya yi laushi. A gindin famfon kuwa ga ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, yana bin jikin gangar ta baya inda ido ba ya kaiwa.

Oga ya leƙo ya gani. Mai walda ma ya leƙo, ya fara naɗe wayarsa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara, ga ma'aikata cike da ɗakin sarrafawa, bango ɗaya ne tsakani.

Muka zuba yashi ya tsotse, muka kwashe da katako zuwa fili. Ba a wanke irin wannan da ruwa, don a saman ruwa yake tasowa ya bi kwata. Da muka juye sauran a wata ganga aka kwance famfon, sai ga robar da ke toshe bakinsa ta kumbura ta yi lagwab kamar danƙon da aka tauna. Ina ganinta na gane ta. Wata biyu kafin nan ta asalin ta tsage, ni da bakina na ce a yanko robar cikin taya a sa kafin a kawo sabuwa. Na san sarai man ayaba yana cin irin wannan roba. Na ce kwana biyu ne, na manta.

Da rana muka je GRA. Na gaya wa Alhaji komai, har da robar. Ya dube ni ya ce, "Kin kusa ƙona mini mutane, kin kuma hana a ƙona su. Takardar gargaɗi za ki karɓa." Na karɓa, tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Oga da kansa ya tuƙa mota zuwa Miri da makullin, ni ina baya. Ya ba da haƙuri a gaban Inna Talatu. Malam Sale ya karɓi makullin ya juyo gare ni.

"Malama, na yafe. Amma da kin tambaye ni tun ranar farko, da na kama hannunki na kai ki bayan gangar nan. Shekara shida muna gaisawa, sai kika aiko hancinki gidana."



Ku da kuke fara wannan aiki yanzu, ga abin da na ɗauka. Kada daɗin ƙamshi ya sa ku raina sinadari, ku ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, kuma kada ku yi masa gyaran wucin gadi. In awo ya nuna giɓi, ku fara zargin ganga da famfo da hannunku kafin ku zargi mutum. Kuma in mai sito ya ce muku kansa na ciwo, ku tashi daga kujera ku je ku durƙusa inda yake wuni.